Ranar da Gurun Ango Ya Ɓata

Ranar Lahadi aka wayi gari babu gurun Ango, kuma kafin masu koko su sayar da rabin tukunya labarin ya gama Malanville, har ya hau kwale-kwale ya haye gulbi zuwa Gaya. Ango shi ne gwanin kokawar garin, shekara huɗu bayansa bai taɓa ƙasa ba, kuma ran nan da la'asar zai kara da Abdurazak na Gaya a karon ƙarshe na wasan da aka fara tun Juma'a, wanda shi gwani ba ya shiga sai ranar ƙarshe. Gurun kuwa ɗamarar fata ce cike da layu, wadda ba ya shiga fili sai da ita a ƙugu. Kowa ya san al'adar 'yan kokawar wurin: wanda aka raba da gurunsa ba a tilasta masa shiga fili, kuma ba mai cewa tsoro ya ji. Ke nan in guru bai fito ba, babu karo.

Mutanen gari ba su wahalar da kansu wajen neman ɓarawo ba, tunda Allah ya kawo musu baƙo. Almustapha sunansa, mai shagon yadi a Kamba, ya zo da matarsa Hafsat su yi kwana biyu suna ba ido abinci, suka sauka gidan Alhaji Na-Allah wanda suka daɗe suna ciniki tare. Laifinsa uku ne. An gan shi yana tafa wa Abdurazak ranar Asabar, an gan shi yana ɗaukar hoto a ƙofar ɗakin da ake rataye gurun, sannan ga shi baƙo. Na ukun ya fi sauran nauyi, ko da yake babu wanda ya faɗe shi da baki.

Kafin hantsi samari sun cika ƙofar gidan Alhaji, wasu da gora, wasu da baki kawai, kuma masu bakin sun fi haɗari. Mai unguwa, wanda a nan ake ce wa delege, ya yanke magana: in aka kira azahar guru bai fito ba, zai miƙa baƙon ga jandarma. Alhaji Na-Allah ya ga abin zai zubar masa da mutunci a cikin gidansa, sai ya tura ɗan kabu-kabu garin Guéné ya ɗauko Ɗanliti mai bin sawu.

Ɗanliti tsoho ne siriri, wanda ya yi kokawa da ƙuruciya kafin ya koma bin sawun shanun sata. Ba ya kallon fuskar mutum in suna magana, ƙasa yake kallo, har baƙi kan ɗauka kunya ce ta yi masa yawa. Babu kunya ko kaɗan. Ya dai fi yarda da duga-dugan mutane a kan bakinsu.

*

Gidan Ango ya fara zuwa. Ya taki sa'a ta fuska biyu: Rauda, matar Ango, ta yi shara ta yayyafa ruwa jiya da magariba, kuma delege ya yi hankalin hana mutane shiga tun da asuba. Saboda haka duk wanda ya taka tsakar gidan daga magariba zuwa safiya ya bar shaidarsa.

Ɗanliti ya tsuguna yana karantawa. Ga manyan ƙafafun Ango babu takalmi. Ga na Rauda, tsakanin murhu da randa. Ga takalmin birni mai zanen igiyar ruwa, ya zo ƙofar ɗakin gurun, ya tsaya, ya koma ta ƙofar gaba. Sannan ga wani silifa da ƙafar hagu ke ɗan karkata waje, wanda ya sa Ɗanliti murmushi. Wannan sawun Abdulaye ne, ubangidan Ango, wanda ya koya masa kokawa ya kuma ɗaura masa gurun da hannunsa. Shi Ɗanliti ne ya karkatar da ƙafar nan, shekara arba'in da suka wuce, a filin Guéné, kuma tun daga ranar suka zama aminai. Ganin sawun Abdulaye a gidan Ango kamar ganin sawun kaza ne a bakin turmi, don haka bai tsaya a kansa ba.

Abin da ya ɗan tsayar da shi sawun Ango ne. A wuri uku ko huɗu ƙafafun sun yi wani ɗan kewaye a tsaye, ƙananan taku a wuri guda. Bai gane dalilin ba, sai ya ajiye shi a ransa.

Ango na zaune a kan benci, ƙato, ido jajur. Da Ɗanliti ya yi sallama daga gefensa, sai ya juyo gaba ɗayansa, har bencin ya yi ƙara.

"Yaushe rabonka da gurun?" in ji Ɗanliti.

"Bayan magariba, Baba. Baƙon nan ya zo ya gaishe ni, ya ce shina son hoto, nib bar shi ya ɗauka daga ƙohwa. Daga nan nit tahi bakin gulbi wurin kiɗi. Da nid dawo ban duba ba. Sai da asuba."

"Kowane guru da sharaɗinai. Na wanga mi na?"

Ango ya haɗe rai. "Ba a hwaɗi. Mu biyu munka san shi duniya, ni da Baba Abdulaye."

"Shi ya zo jiya?"

"Ya ce rabonai da gidan ga tun la'asar."

Ɗanliti ya tuna sawun silifar nan a kan sharar magariba. Tsoho yakan manta lokaci, in ji shi a zuciyarsa, shi ma ai yakan manta.

*

A gidan Alhaji Na-Allah sai da aka bi da shi ta ƙofar mata saboda samarin da ke waje. Ya tarar da Almustapha a zaune kan tabarma, gumi ya jiƙa masa shaddar da ya ɗinka musamman don wannan tafiya. Mutum ne mai son raha da alama, amma rahar ta gudu ta bar shi. Matarsa ce mai magana.

"Baba, mu yawo munka zo," in ji Hafsat. "Shekara bakwai da aure, Baban Munira bai taɓa hita da ni ko'ina ba, kullum shago. Bana yac ce mu zo mu ga gari. Juma'a munka sha kasuwa har ƙahwata ta kumbura, nig ga albasa awa tudu. Asabar da sahe munka shiga kwale-kwale, anka kai mu ƙarƙashin gada, ina riƙe da rigatai ina salati. Da marece kokawa. Da dare munka tahi bakin gulbi, munka ci gasasshen kihi, 'yan kokawa suna kirari, masu ganga suna kiɗi, ban taɓa ganin dare mai daɗi awa shi ba. Alhaji na tare da mu har anka watse."

"Na hwaɗa musu," in ji Alhaji. "Sun ce ai dole in ruhwa ma baƙona asiri."

"Tahin da nay yi kuwa," in ji Almustapha da ƙyar, "kowa yak ka da wani ina tahwa mishi. Ban san da ɓangare ba, Baba. Ni kallo niz zo."

Ɗanliti ya ce a kawo takalmin Almustapha. Ya juya shi, ya ga zanen igiyar ruwa, ya mayar. Ya riga ya auna takun mai takalmin a gidan Ango: yadda ya shiga haka ya fita, taku ɗaya, nauyi ɗaya, har da 'yar tsayawa a bakin ƙofa irin ta mai sallama da masu gida. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba ba ya fita yadda ya shiga. Amma wannan magana ce da shi kaɗai za ta gamsar, samarin da ke waje ba za su saye ta ba.

"Mun baro ɗiyarmu wurin kakarta," in ji Hafsat. "Mun ce mata Litinin muna gida. In jandarma sunka tahi da shi, mi za ni ce mata? Mi za a ce Kamba?"

"Yi haƙuri, ɗiyata. Rana ba ta kai tsaka ba tukuna."

Tausayinsu ya kama shi sosai, kuma bai ji daɗin hakan ba, don ya san tausayi yakan sa mai bin sawu ya ga abin da yake so ya gani.

*

A hanya mutum uku suka tare shi, kowa da ɓarawonsa. Biyu suka rantse mutanen Gaya ne suka turo a ɗauke. Wata mai tuyar ƙosai ta ja shi gefe ta ce ya binciki Rauda, don unguwa duka ta ji ta tana cewa wata rana sai ta jefa gurun nan a gulbi.

Maganar mutanen Gaya ta sa shi tunani. Abokin gaba ba ya wahalar ɗaukar guru ya kai gida. Ƙazanta yake nema mafi kusa ya tsoma shi, ya kashe shi, ya wuce. A bayan gidan Ango kuwa akwai lungu, kuma wata kwata ta ratsa lungun, baƙin ruwan wanka da wanke-wanke na gidajen unguwar. Ɗanliti ya samo kara ya bi ta yana tsokana. Bai sami komai ba sai leda da wari.

Yana miƙewa ne ya ga sawun. Silifar nan mai karkataccen hagu ta taho daga titi, ta tsallake kwatar a taku ɗaya, don ko yaron goye zai iya tsallake ta, ta shiga gidan ta ƙofar baya. Sannan ta fito. Ta zo bakin kwatar, ƙafa biyu suka jeru, suka tsaya. Daga nan mai silifar ya juya ya bi gefen ruwan, ya bar titi da ke gabansa taku goma. Ɗanliti ya bi shi. Sawun ya bi bayan gidaje, ya wuce rumfunan albasa, ya yi ta tafiya har inda kwatar ta faro daga gindin wata katanga, ya kewaye kanta, sannan ya hau kwalta ya ɓace cikin sawun babura. Taku ɗari uku da wani abu, a kan ƙafar da ba ta son tafiya.

Ya dawo bakin kwatar, ya tarar da Rauda za ta zubar da ruwan wanke-wanke.

"Dakata, ɗiyata, kak ki zuba nan." Ta ajiye bahon. "An ce kin ce za ki jehwa gurun gulbi."

"Na hwaɗi, Baba, kuma ban janye ba. Ni ka jinya in ya dawo da jiki duk ciwo, su ka tahwa mishi. Sati ukku ke nan ko kwanciya ba shi yi, zaune shika kwana ya jingina da bango, in na tambaya ya ce zahi na. Amma ban taɓa shi ba. Ko ɗakin ban shiga."

"Ranar karo, ta ina shika hita?"

"Ta nan baya. Sai ya ƙi bin titi, ya kewaya ta rumhunan albasa." Ta taɓe baki. "Don masu albasa su gan shi su yi mishi kirari. Maza da son a gani."

Ɗanliti ya gode mata. Yanzu ya san sharaɗin da Ango ya ƙi faɗa: ba a tsallake kwata da gurun a jiki, in aka tsallake ya mutu. Ya kuma san wanda ya ɗauke shi mutum ne da ba ya son ya mutu. Tun da yake bin sawu, bai taɓa fatan a ce an yi ruwa da dare ya wanke ƙasa ba sai ran nan.

*

Ya sami Abdulaye a rumfarsa ta albasa, shi kaɗai, yana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau.

"Liti," in ji Abdulaye, don shi kaɗai ya rage mai kiransa haka. "An ce sun ɗauko ka."

"Sun ɗauko ni. Na ga ƙahwar da nil lalata maka."

"Kullum tana gidan can."

"Tana. Jiya bayan shara ta ƙetare kwata ta shiga. Da taz zo hita, sai tat tsaya."

Abdulaye ya ci gaba da juya albasa ɗaya a hannunsa har ɓawon ya zube. Bai yi musu ba, kuma Ɗanliti ya fi jin zafin hakan a kan da ya yi.

"Ƙashin wuyan Ango ya tsage," in ji shi daga ƙarshe. "Sati ukku, wurin gwaji, ni kaɗai nig gani. Na kai shi ga likita a ɓoye, anka ɗauki hoto. Likita ya ce in anka kama wuyan ga anka murɗa, ko makara ko keken guragu. Abdurazak kuwa ka san shi, wuya shika kamu. Na roƙi yaron ga, na yi mishi hwaɗa, har hawaye na yi gabanai. Ya ce ba za a ce Ango ya gudu ba. Ya sa nir rantse ba ni hwaɗa ma kowa."

"Sai kab buɗe mishi ƙohwar da ba kunya cikinta."

"Ita kaɗai ta rage. Babu guru, babu karo, kuma ba mai zagin shi."

"Baƙon hwa?"

Abdulaye ya sunkuyar da kai. "Ban san za ta hwaɗa kanai ba. Amma kwana guda na, Liti. Gobe da sahe a tsinci gurun ƙohwar masallaci, a sake shi."

"Ka ga samarin da ke ƙohwar Alhaji? Wa za shi ratsa su da shi lahiya? Ko an sake shi gobe, har ya mutu Kamba za a riƙa nuna shi, a ce ga wanda yat tahi kallon kokawa ya yi sata. Mutumin ga matatai yak kawo ta ga gulbi."

"Wancan suna na, wanga rai na. Ka ba ni zuwa la'asar."

Ɗanliti ya daɗe yana kallon ƙafar nan ta hagu. Gaskiya ce, rai ya fi suna, kuma da shi aka ba zaɓi da dare wataƙila da shi ma ya ɗauke gurun. Amma sunan da za a biya da shi ba na Abdulaye ba ne, na wani ne da ba a tambaye shi ba.

"Delege za shi tara mu kahin azahar," in ji shi. "Ka zo ka hwaɗa da bakinka. In ba ka hwaɗa ba, ni za ni hwaɗa."

Abdulaye ya jefa albasar cikin ruɓaɓɓu, ko da yake lafiyarta ƙalau.

*

Zauren delege yashi ne a shimfiɗe, kuma ya cika. Ga Alhaji Na-Allah da baƙonsa, ga Ango, ga wani dattijo da mutanen Gaya suka wakilto, ga Hafsat da Rauda a bakin ƙofar cikin gida. Samari sun toshe ƙofar waje. Abdulaye na can kusurwa da wani ɗan buhun albasa a gabansa. Tun daga waje Ɗanliti ya ga sawunsa bai biyo gajeriyar hanya ba, ya kewayo ta bayan masallaci, don haka ya san abin da ke cikin buhun. Ya dube shi, ya ba shi lokaci. Abdulaye ya kafa wa bango ido.

Sai Ɗanliti ya fara. Ya ce takalmin baƙo ya shiga ya fita da nauyi ɗaya. Samari suka yi guna-guni. Ya ce ƙafar Rauda ba ta kusanci ɗakin ba. Ya ce babu sawun baƙon ƙafa ko ɗaya daga Gaya, kuma da su ne, da a cikin kwata aka tsinci gurun.

"To wa na?" in ji delege.

"Wanda yaɗ ɗauke shi ta baya yah hita. Ya zo bakin kwata, titi na gabanai, yat tsaya. Sai yab bi gehenta har inda tat taso, yak kewaye ta. Taku ɗari ukku." Ya juya ga Ango. "Ango, baƙo daga Kamba ya san ya yi haka?"

Fuskar Ango ta canza.

"Ka ce ku biyu kunka sani. Kai kana bakin gulbi." Ɗanliti ya juya ga kusurwa. "Abdulaye na. Aminina."

Abdulaye ya kwance bakin buhun a hankali, ya ture albasar sama, ya fito da gurun a naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Baba," in ji Ango. "Kai?" Ya tashi ya karɓe shi. "Nawa mutanen Gaya sunka ba ka?"

Abdulaye ya runtse ido, amma bai buɗe baki ba. Rantsuwa ta ɗaure shi, kuma zai haɗiye wannan zagin ya mutu da shi. Ɗanliti kuwa bai rantse wa kowa ba. Ya taka a hankali ya koma bayan Ango, ta hagunsa.

"Ango."

Ango ya juyo, ƙafa da kafaɗa da kai gaba ɗaya, da ƙananan taku a wuri guda. Ɗanliti ya nuna yashin da kara, inda ɗan kewayen ya fito sarai.

"Irin wanga na gani huɗu gidanka. Mutum in an kira shi waiwaye shika yi. Sati nawa rabonka da waiwaye?"

Rauda ta ɗora hannu a ka. "Shi ya sa zaune kaka kwana," in ji ta, a hankali. Dattijon Gaya ya dubi wuyan Ango ya kawar da kai. Kowa a zauren ya gane, har samarin bakin ƙofa, waɗanda gorarsu ta fara yi musu nauyi a hannu.

Ango ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, da juyin nan nasa na dukan jiki wanda yanzu ba ya ɓoyuwa. "La'asar na nan," in ji shi. Ya rungume gurun ya fita.

Delege ya ba Almustapha haƙuri, ya kuma sa samarin suka ba shi, suna yi suna kallon ƙasa. Abdulaye ya zo gabansa ya durƙusa da wannan ƙafa tasa. Almustapha ya yi saurin ɗaga shi, ya ce ya yafe, amma Hafsat ba ta ce ta yafe ba, kuma babu wanda ya ga laifinta.

A bakin ƙofa Abdulaye ya tsaya kusa da Ɗanliti ba tare da ya dube shi ba.

"Ka hidda baƙo," in ji shi. "In anka ɗauko yaron ga daga hili yau, kai kak kai shi."

*

Da la'asar fili ya cika har kan katanga da rassan darbejiya. Ɗanliti ya so ya hau babur ya koma Guéné, amma ya ga rashin kunya ne mutum ya ɗaura abu ya ƙi tsayawa ya ga ƙarshensa. Ya zauna a gaba, tsoro na cin sa. Can gefe ya hango Almustapha da Hafsat kusa da Alhaji, hannuwansu a kan cinya, yau babu mai tafi.

Ango ya iso ta wajen rumfunan albasa da gurun a ƙugu. Ganga ta ɗauka, masu kirari suka ɗauka. Abdurazak ya shigo yana taka ƙasa da ƙarfi. Ko labarin wuyan ya kai gare shi ko bai kai ba, ɗan kokawa in ya shiga fili hannunsa ne ke tunani. Alƙali ya busa. Suka sunkuya suna kewaya juna, Abdurazak ya miƙo hannu yana neman wuya, Ɗanliti ya mayar da idonsa ƙasa.

Shi ya sa ƙafafun kawai ya gani. Ya ga na Ango sun daina kewayawa, sun jeru, sun tsaya, irin tsayuwar da ya gani a bakin kwata. Sannan gwiwa ɗaya ta sauka a kan yashi, ɗayar ta biyo ta. A kokawa wannan faɗuwa ce.

Ganga ta mutu. Wasu daga baya suka fara ihu suna cewa an sayar da wasa, wasu da suka ji labarin zaure suka hau su da faɗa. Abdurazak ya tsaya da hannu a miƙe kamar wanda aka ƙwace wa akushi, daga baya ya sunkuya ya kama Ango ta hammata, ba ta wuya ba, ya ɗaga shi. Ango ya kwance gurun a gaban dubban mutane, ya taka har inda Abdulaye ke zaune, ya ajiye masa a cinya. Ya wuce wurin Rauda, ihun na bin bayansa.

Sai da fili ya watse Ɗanliti ya shiga ya tsuguna a tsakiya. Gurbin gwiwa biyu ne, a jere, masu zurfi, babu alamar zamewa ko kaɗan. Wanda aka kayar gwiwarsa takan ja ƙasa. Waɗannan ajiye su aka yi.

"Mi kaka karantawa kuma?" Abdulaye ne a bayansa, da buhunsa a kafaɗa.

"Gwiwa biyu."

"Shekara goma sha biyar ina koya mishi kak ya yi wanga."

"Da rai yat tahi gida."

"Da rai." Abdulaye ya ja numfashi. "Ba ka kyauta mani ba, Liti."

"Ban kyauta ba."

"Taho in raka ka tasha."

Suka bi ta lungun bayan gidan Ango, Abdulaye a gaba yana jan ƙafa, Ɗanliti a baya yana kallon ƙasa kamar kullum. A bakin kwatar Abdulaye ya tsaya, ƙafa biyu a jere, buhun da gurun ke ciki a kafaɗarsa. Ɗanliti ya riga ya karkata zai bi doguwar hanya.

Abdulaye ya gyara buhun, ya ɗaga ƙafar hagu, ya tsallake.

Ɗanliti ya dubi sawun, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Sannan shi ma ya tsallake ya bi bayansa.